Hannun Hagu da Kiɗan Dogon Rasha

Ɓarin jikina na hagu ya shanye a mahautar Mai'adua, ranar kasuwa, da kalangu a hammatata. Sunana Mati. Kiɗan mahauta na gada wurin ubana, shi ma wurin nasa uban. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata Hindatu tana rubutawa, don wanda abin bai sama ba tukuna ya san inda muka yi kuskure.

Ciwon ya yi sallama kafin ya shigo, ni ne ban amsa ba. Na daɗe ƙeyata tana sarawa. Wani lokaci sai in ga rumfa ɗaya ta zama biyu. Wani mai kemis ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya ce jinina ya hau, ya ba ni ƙwayoyi. Na sha har kan ya lafa, sai na daina. Ladan makaɗin mahauta nama ne, kuma ba tsoka ake ba shi ba. Kitse ne da kayan ciki. Shi na ci tun ina yaro, da gishiri son raina.

Kalangu da hannu biyu yake magana. Dama tana dukan fata da gula, hagu tana matse tsarkiyar da ke jikinsa, murya ta hau ta sauka har ta kira sunan mutum. Ran nan ina tsakiyar taken Sarkin Fawa sai na ji kalangun ya daina magana. Gula na sauka, amma sauti ɗaya ke fita kamar ana buga ƙwarya. Na duba na ga hannun yana lilo. Na buɗe baki in kira wani, sai miyau ya zubo. Daga nan sai ƙasa.

Mahauta suka ɗora ni a babur, ɗaya gaba ɗaya baya, suka kai ni gida. Gida, ba asibiti ba. Wannan shi ne kuskure na farko.

Makon farko a ɗaki na yi shi. Gwaggo Abu, ƙanwar ubana, ita ta fara yanke hukunci.

"Shafar mutanen ɓoye ce. Mahauta gidansu ne, jini suke bi. Duk wanda ya bari aka yi wa yaron nan allura, shi ya kashe shi."

Yaron da take nufi ni ne, da furfurata. Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Aka shafa kitsen damo. Aka yi hayaƙi har idona ya yi ja. Na sha rubutu, kuma ban yi nadamar shansa ba, sai dai addu'a ba ta taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Mu ne muka hana kanmu.

Wana, Yaya Idi, mai sayar da hatsi ne. Tun muna yara bai so sana'ar gidanmu ba. Shi ya samo tsohon rawani, ya naɗe hannun a ƙirjina, ya ɗaure tam.

"Bar shi ya huta," in ji shi. "Ya daɗe yana aikin banza. Allah ne ya yi maka gargaɗi da sauƙi, Mati."

Ya ɗauki kalangun ya rataye can saman zaure. Ina da amsa, amma bakin a karkace yake.

A mako na biyu na fara ƙwarewa da ruwa. Kowace kurɓa sai tari, sai numfashi ya ɗauke. Matata Larai ta gani. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika aka samo mota. Yaya Idi ya tare ƙofa, ita kuma ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

"Yaya, ku yi haƙuri. In mutuwa zai yi, ya mutu a gaban likita."

A asibiti a Daura mun bi layin kati, mun bi layin awo, mun bi layin ganin likita, ina kwance a benci ƙudaje na bin bakina. Likitan da ya gan mu matashi ne. Ya tambayi yaushe abin ya faru. Da Larai ta faɗa masa sai ya ajiye abin rubutunsa.

"Wannan ciwo da gudu ake kawo shi, ba da shawara ba."

Maganar ta zauna mini. Aka yi mini allura, ban mutu ba. Aka tura mu Katsina hoton kai, muka dawo aka ba ni gado. Awakin Larai suka tafi a kan magani. Keken ɗinkinta ya bi su. Geron da muka ajiye na shekara ya ragu sosai. Mahauta sun yi karo-karo sun aiko, Allah ya saka musu. A cikin ma'aikatan akwai wadda take yi mana magana kamar sata muka zo yi. Akwai kuma wadda take juya ni da hannunta, ta wanke mini baki, ta koya wa Larai yadda za ta zaunar da ni kafin ta ba ni kunu. Duka biyun na riƙe su.

Da aka sallame mu, ƙafa ta fara ɗaukata, ina ja. Baki ya koma wurinsa. Hannun kuwa ya dunƙule kamar ƙafar kaza. Da muka isa gida aka sake ɗaure shi da rawanin nan, don kowa ya yarda abin da ke ciwo hutu yake so. Wannan shi ne kuskure na biyu.

Sarkin Fawa ya zo dubiya da ƙullin nama. Mutum ne da ba ya kewaye.

"Mati, kasuwa ba ta jira. Mun samo wani daga tsallaken iyaka, Ɗan'azumi, yana riƙe mana. Hannunsa da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Wurinka yana nan har kasuwar Layya. In ka zo ka yi take yadda mai shi zai gane, naka ne. In ba haka ba, ka yafe mana."

Na ce masa gaskiya ya faɗa. Wurin nan kakana ya tsaya a cikinsa.

An rubuta mana mu riƙa zuwa sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓin da suka mutu. Mai kula da wurin dattijo ne mai suna Likita Sabi'u. Ana ce masa Ɗan Rasha, don can ya yi karatu yana saurayi. Ya dubi ƙirjina ya ce, "Wa ya ɗaure wannan bawan Allah? Laifin me ya yi?"

Ya kwance rawanin. Ya miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina cije baki. Ya ce in motsa. Babban yatsa ya ɗan yi rawa kaɗan, kamar reshen da tsuntsu ya tashi daga kai. Ya ce to, da sauran rai. Ya yi makonni yana ja yana murzawa. Ranar da na iya ɗaga hannun daga cinyata, sai ya ɗauki rawanin nan ya ɗaure hannuna na dama.

"Likita, wannan ne mai lafiyar," in ji Larai.

"Na sani, Malama. Shi ya sa. Muddin yana yi wa ɗan'uwansa aiki, ɗan'uwan ba zai tashi ba. Ke ma kada ki ƙara miƙa masa komai."

Nan rigima ta tashi a gida. A wurinmu ba a bayarwa da hagu, ba a karɓa da hagu, ba a gaisawa da ita. Mai dubiya zai miƙo hannu, ni kuma in ɗago masa hagu tana karkarwa. Wani tsoho daga garin Babban Mutum ya janye nasa, ya tashi bai sha ruwa ba. Yaya Idi ya ce, "An kai mutum ƙasar sanyi ya manta da tarbiyya, yanzu zai maida ka mai ci da hagu." Sai da muka kai maganar gaban limamin unguwa. Liman ya ce lalura ce. A kwance hannun dama lokacin cin abinci da alwala da salla, sauran yini a bi likita. Yaya dai bai yarda ba.

Larai ce ta fi shan wuya. Za ta ga ina kokawa da hula, ko ina neman ɗaukar buta tana zamewa, hannunta ya taho da kansa. Sai ta maida shi, ta shige madafa don kada ta gani. Aikina kullum shi ne tsince wake daga faifai zuwa kwano, da jan carbi, da buɗe murfin kwalba. Namiji da jikoki yana tsintar wake. Na yi.

A ɗakin gashin nan kullum akwai wani kiɗa da ke tashi daga rediyon Likita. Ba mawaƙi, ba ganga. Akwai kuma wani ƙaramin akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe, piyano, da yake sa mu danna da yatsun da suka mutu. Ran nan na gaji na ce, "Likita, wannan kiɗan na mutuwar wa ne?"

"Bai yi maka daɗi ba?"

"Ba waƙa, ba kirari, ba 'yan amshi. Wa ake yi wa?"

Ya yi dariya ya ce wani makaɗi ne na ƙasar Rasha, ya daɗe da rasuwa. Ya ce shi yake tsara kiɗan da kansa, ya rubuta shi a takarda yadda ake rubuta magana, kuma a zamaninsa ba a cika samun wanda ya kai shi iya piyano ba. Ya faɗi sunansa. Na gwada, bakina da ya warke ya nemi ya sake karkacewa. Ya nuna mini hotonsa a waya. Dogon mutum, aski ƙwal, fuska ba annuri, hannuwa kamar faifai. Likita ya ce in ya buɗe yatsunsa a kan haƙoran nan yana kamo abin da wasu ba sa kamowa. Na ce to, sunansa Dogo. Na kuma ce har yanzu ban ji abin rawa ba.

Wajen wata na uku dantsen ya fara riƙe abu. Na sa aka sauko mini da kalangu daga zaure, na kaɗe ƙura, na tashi tsaye a tsakar gida. Da jin dukan farko maƙwabta suka leƙo. Na matsa, tsarkiya ba ta ja ba. Abin da ya fito kukan kwaɗo ne. Na ƙara, kalangun ya zame daga hammata ya faɗi ya gangara wajen turmi. Wata maƙwabciya ta ce, "Allah sarki." Da dariya ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki rawanin da ake ɗaure mini hannun dama na jefar. Na shiga ɗaki na juya wa bango fuska. Na daina zuwa gashi, na daina tsintar wake. Yaya Idi ya zo ya ce zai ba ni wuri a rumfarsa in riƙa gadin buhuna. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na kusa amsawa.

Larai ce ta ja ni zuwa Daura da faɗa. Likita bai tambaye ni inda na shiga ba. Bai taɓa hannun ba ma. Ya ba ni kujera, ya zauna kusa da ni, ya ce bari ya ba ni labarin Dogo.

Ya ce yana saurayi ya tsara wani babban kiɗa, aka tara manyan gari don su ji. Waɗanda aka ba su kaɗa suka lalata shi. Masu jarida suka yi masa kaca-kaca. Daga nan ya kasa tsara komai har kusan shekara uku. Yatsunsa lafiya lau, abin da ke aika su ne ya mutu. Danginsa suka kai shi wurin wani likita. Likitan ya riƙa zaunar da shi kullum yana yi masa magana, yana maimaita masa cewa zai sake yi, kuma zai yi kyau. A hankali ya koma aiki. Abin da ya fara kammalawa shi ne wannan da na ce na mutuwa ne.

"Ni hannu ne, Likita, ba zuciya ba."

"Hannunka ya fi na watan jiya, Malam Mati. Ɗayar ce ta koma baya."

Can na ce, "Ba ka amsa mini ba tun ran nan. Wa ya yi wa kiɗan?"

"Likitan. Sunansa ya rubuta a kai."

"Ashe take ne."

Na ce ya sa daga farko. Wannan karon na saurara yadda makaɗi ke sauraron taken wani. Yana farawa da duka masu nauyi, a hankali, kamar ana daka a wani gida mai nisa, dakan yana matsowa har ya iso ƙofarka. Sai gogaye masu yawa su shigo tare, hannuwan Dogo kuma suna gudu a ƙarƙashinsu kamar ruwa a ƙasan gada. Ba zan ce na gane duka ba. Yana da tsawo, kuma akwai wuraren da na rasa inda ya dosa. Amma na ji mutumin da ya faɗi ya tashi, kuma bai manta da faɗuwar ba.

"Kai ma so kake in yi maka take?" na tambaye shi.

"Ni tsire nake so. Amma kai ba za ka ci ba."

Hindatu ta karɓi kiɗan a wayarta ta sa mini a rediyona. Na sake ba da hannun dama aka ɗaure. Kiɗanmu na mahauta da sauri yake, hannuna ba zai iya binsa ba. Na Dogo yana da wuraren da yake kumbura a hankali ya sauka a hankali, kamar numfashin bijimi yana kwance. Sai in sa kalangu a hammata, ba gula, in matsa idan ya kumbura, in saki idan ya sauka. Haka kullum bayan hantsi har dantsen ya ɗauki zafi. Gwaggo Abu ta shigo ta tarar da ni, ta ce yanzu kam ta tabbata aljanun Turawa ne.

Ƙarfin bai kai ya fitar da babbar murya ba. Wata rana na gaji na zauna a kan turmi, gwiwata ta tokare gwiwar hannun. Na matsa da ƙafa da hannu tare, tsarkiya ta ja har ƙarshe. Na kwance dama na ɗauki gula na gwada. Kalangu ya ce wani abu. Ban yi murna ba. Mai kalangu a tsaye yake kiɗa, yana bin mahauta rumfa rumfa. Ubana bai taɓa zama da kalangu a hammata ba. Na faɗa wa Likita haka.

Ya ce Dogo ma bai ƙare yadda ya fara ba. An yi juyin mulki a ƙasarsu, gonarsa da gidansa suka salwanta, ya fita da iyalinsa bai sake komawa ba. A baƙon wuri ya koma yawo gari gari yana kaɗa piyano don ya ci da gida, tsara sabon kiɗa ya ragu. Yana kaɗawa har saura makonni kaɗan ya mutu, ciwo na cinsa. Can aka binne shi, nesa da inda aka yanke cibiyarsa. Har yau kuma, in ji Likita, duk mai son a ce ya iya piyano sai ya gwada hannunsa a kan abin da Dogo ya bari.

"Shi ƙasa ya bari bai bar kiɗa ba. Kai tsayuwa kawai aka ce ka bari."

Ranar kasuwar Layya na sa riga na ɗauki kalangu. A ƙofar gida na tarar da Yaya Idi da babur, da 'yar kujera ɗaure a baya.

"Ba don kiɗa na zo ba," in ji shi. "Kada ka faɗi a gaban mutane ne."

Kasuwa ta cika da raguna har ba wurin taka ƙafa. Tun daga nesa na ji Ɗan'azumi. Sarkin Fawa bai yi ƙarya ba, hannunsa da daɗi. Da ya gan ni ya tsaya, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Yaya ya ajiye kujera na zauna. Wasu suka dubi juna.

Sarkin Fawa ya ce, "Kada ka fara da nawa. Nawa ko yaro ya buga zan ce na gane don kunya. Yi na wanda ba ya kallonka."

Can ƙarshen rumfa akwai Ilu, tsohon mahauci, ya ba mu baya yana sarar ƙashi. Bai san na zo ba. Takensa gajere ne, amma ƙarshensa a sama yake, inda murya take tsinkewa. Na buga. Farkon ya fita, ƙarshen ya kwanta. Ilu ya ci gaba da sara. Na gyara zama, na tokare da gwiwa, na jira numfashina ya dawo. Ban yi sauri ba. Na sake bugawa a hankali, fiye da yadda na taɓa buga shi, na matse har na ji dantsen zai rabu da kafaɗa.

Ilu ya tsaya. Bai juyo ba. Ya ɗaga wuƙarsa sama ya girgiza ta, yadda yake yi tun muna samari. Sa'an nan ya waiwayo ya nemi mai kiɗa a tsaye, bai gani ba, sai da ya sauke ido.

"Ashe kai ne. Na ce wannan baƙon bai san sunan kakana ba. Me ya zaunar da kai?"

"Tsufa."

Ya yanko kitse zai jefo mini, na ce ya mayar ya kawo tsoka, likita ya hana. Mahauta suka yi dariya, suka ce ciwo ya koya wa Mati tsada. Sarkin Fawa ya ƙaraso. Ya nuna wa Yaya Idi gefen rumfarsa, inda inuwa take, ya ce a matsar da kujerar can.

Ga abin da zan faɗa wa mai karatu. In an ce jininka ya hau, sha maganin ko kan ya daina ciwo. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nemi mota kafin a nemi dangi. Kada a ɗaure hannun da ya mutu, kuma mai jinya ya koyi kau da kai.

Yanzu ina shan ƙwayata kowace safiya, Larai na tsaye a kaina. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su dawo ba, Likita ya ce kada in jira su. Ƙafar tana ja idan na gaji. Ban kori Ɗan'azumi ba, shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa. Safiya tawa ce, shi yana bin rumfuna da rana. Duk ranar kasuwa ina Mai'adua, gefen rumfar Sarkin Fawa, a zaune. Mahauta ne suke zuwa inda nake.